Ƙofar Ɗaki Na Sha Huɗu

Mutanen garinmu in suka ji an ce wance tana Landan, gani suke ta gama da wahalar duniya. Ni dai a watanni huɗu na farko da na yi a garin, babu abin da na sani kamar wani benci a tashar Stratford, inda nake zama ina jiran kiran waya. Shekara sha ɗaya na yi ina aikin jinya a Malumfashi kafin in bar 'ya'yana biyu wurin mahaifiyata, in biyo maganar wani mutum da ya ce ya samo mini aikin kula da tsofaffi. Takardar da ya ba ni ta gaskiya ce, kamfanin ma akwai shi a rubuce. Aikin ne babu. Da na bi adireshin, shagon gyaran waya na tarar, ofishin kuma yana samansa a garƙame.

Duk ranar da na kira shi, maganar ɗaya ce.

"Sister Saudatu, ki ƙara haƙuri, an yi cancel ɗin shift na wannan satin. Next week insha Allahu."

Satin nan dai har yau bai zo ba. Daga baya ma wayarsa ta daina shiga. Ga shi izinin zamana a ƙasar a ɗaure yake da aiki, in babu mai ɗaukarki, sai ki tattara ki koma inda kika fito. Na yi kuka a bencin nan har na gode wa Allah, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda ya taɓa tsayawa ya ce, baiwar Allah, lafiya? Su a wurinsu ladabi ne su kawar da kai. Ni kuwa rashin imani na kira shi, kuma na daɗe ban sauya masa suna ba.

Wata Juma'a na tafi masallacin Regent's Park. Ba zan yi wa Allah ƙarya ba, har da ɗumin wurin ya kai ni. Bayan an idar ina neman takalmina cikin tarin takalma, ina mita da Hausa, sai na ji wata mata ta ce, "Ke 'yar ina ce da baki haka?" Anti Zainabu ke nan, mutuniyar Zariya, mai sayar da kayan miya a Peckham. Ba ta yi mini doguwar tambaya ba. Ta dubi jakata, ta dubi idona, ta ce in biyo ta. A falonta da ke saman shago, kusa da Rye Lane, ta shimfiɗa mini katifa a gefen firiza, na kwana cikin warin busasshen kifi ina jin kamar a aljanna nake. Ita ce kuma ta san wani gidan kula da tsofaffi a kudancin garin da ke da izinin ɗaukar baƙi irina. Aka kira ni, aka yi mini tambayoyi, aka ɗauke ni.

Na shiga gidan nan da girman kai na shekara sha ɗaya. Na zaci za a tambaye ni allura ko awon jini. Sai ga shi ranar farko an haɗa ni da mai gyare-gyaren gidan, wani dattijo ɗan asalin Jamaika mai suna Mista Desmond, wai ya koya mini ƙofa.

Ƙofa fa! Ni da na karɓi haihuwa da fitilar waya.

Amma shi ko a jikinsa. Ya tsayar da ni a bakin wani ɗaki, ya sa na tura ƙofar na ji nauyinta, kamar ta sito. Ya nuna mini hannun ƙarfen da ke samanta, wanda yake janyo ta ta rufe da kanta. Ya nuna mini wani siririn zare da aka binne a gefenta, ya ce in ya ji zafin wuta kumbura yake yi ya toshe duk wata kafa, da kuma wani gashi-gashi kamar na burushi da ke tare hayaƙi. Sannan ya ciro kwabon fam ɗaya daga aljihu ya zura tsakanin ƙofar da katakonta. Haka yake yi wa kowace ƙofa a gidan duk ranar Litinin. In kwabon ya yi lilo a ciki, to kafar ta yi faɗi, sai ya kwance ya gyara.

"Wannan ƙofar rabin awa take saya miki," in ji shi da Turancinsa mai kaɗawa. "Mutanen nan ba sa iya gudu. Kuma ba wuta ce ta fi kashe su ba, hayaƙi ne. In tana rufe, ɗakin nan mafaka ne. In kika tokare ta, katako ne kawai mai tsada."

Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa malamin da ba a yarda da karatunsa ba.

Dalilina kuwa shi ne, a gidan da na tashi, ba a rufe wa tsoho ƙofa da rana. Labule ake saki. Kakata Iya ta yi shekara uku a kwance, kuma daga asuba har a yi isha ƙofarta a buɗe take. Mai zuwa ɗiban ruwa ya ce sannu Iya, mai wucewa da tsintsiya ta leƙa, kaza ma ta shiga a koro ta. Ƙofa a rufe da rana abu uku take nufi a wurinmu: ko babu kowa a ciki, ko ana fushi, ko ana rowa. Shi ya sa da na dubi doguwar barandar nan ta hawa na biyu, ƙofa goma sha shida duk a rufe ruf, kowacce da mutum a bayanta, sai na ji tsigar jikina ta tashi.

A sati na biyu aka ba ni ɗaki na sha huɗu, can ƙarshen baranda, jikin ɗakin wanki. A takardar mai ɗakin an rubuta cewa shanyewar ɓarin jiki gare ta, da ruɗewar tsufa, tana yawan ihu ba a san dalili ba, ba ta son cin abinci. Na shiga da faranti, ƙofar ta biyo ni a hankali ta rufe, ƙit. Sai tsohuwar da ke kan gado ta ɗaga murya.

"Wane ne ya rufe ƙofa? Ni ban mutu ba tukuna!"

Saura kaɗan in saki farantin. Hausa ce tsantsa. Ashe ihun da aka yi shekara ana rubutawa a takarda magana ce, ba a dai samu mai ji ba.

Na durƙusa na ce, "Mma, sannu. Ina kwana?"

Ta juyo da idon da ke gani sosai, ta daɗe tana kallona. "Kai ɗan wane gida ne?"

Sunanta Mma Adiza, daga zangon Kumasi. Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji, kowa kai ne, har na saba. Tun tana amarya ta zo Landan, ta yi shekaru tana sharar ofisoshi, ta binne miji, ta aurar da 'yarta tilo, Rahina, wadda ke zuwa duba ta duk Lahadi. Da ciwon ya kama ta sai ya kwashe Turancin kaf, ya bar mata harshen da ta sha a nono. Rahina kuma a nan aka haife ta, tana jin Hausa sama-sama amma da Turanci take mayarwa. Uwa da 'ya sai su zauna suna riƙe da hannun juna kamar baƙi a tasha.

Ranar nan Mma Adiza ba ta karɓi cokali ko ɗaya ba sai da na tsaya na tare ƙofar da ƙafata. Da ta hango baranda sai ta buɗe baki. Washegari na zo da silifan da nake alwala da shi, na lanƙwasa ƙafa ɗaya na cusa ƙarƙashin ƙofar.

Wallahi in kin ga yadda matar nan ta sauya, ke ma sai kin cusa. Ta fara cin abinci. Duk wanda ya gifta, baƙi ko fari, sai ta ce masa, "Sannu da aiki!" Masu shara suka koyi cewa "Yawwa." Ta san takun kowa. In na wuce ban leƙa ba, sai in ji ta daga nesa, "Saudatu, ka wuce ni kamar kasuwa ta tashi?" Ni ma kuma, gaskiya, ba don ita kaɗai nake yi ba. A duk faɗin garin nan, ɗakin nan ne kawai wurin da ake kiran sunana yadda uwata take kira.

Litinin ta zagayo, Mista Desmond ya iso da kwabonsa. Ya sunkuya da ƙyar ya zaro silifan, ya riƙe shi da yatsa biyu.

"Na wane ne wannan?"

"Nawa ne."

"Na gaya miki me yake yi wa ƙofa."

Ni kuma bakina ba ya shawara da ni. Na ce masa sun mayar da tsofaffi kamar buhunan da aka jibge a sito, an kulle don kada ɓera ya taɓa. Na ce a ƙasarmu ko akuya ba a yi mata haka. Na ce wutar da ba a taɓa gani ba ake tsoro, alhali matar nan kullum kaɗaici yana cin ta a gaban idonsu.

Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya ce tasa uwar ma a bakin ƙofa ta tsufa, tana kallon hanya, don haka ya gane. Ya ce akwai wata na'ura da ake ɗaura wa ƙofa ta riƙe ta a buɗe, da zarar ƙararrawar gobara ta kaɗa sai ta saki, ƙofar ta rufe da kanta. Irin ta ce a manyan ƙofofin baranda. In je in roƙi manaja a sa wa ɗakin nan.

"Takalminki ba ya jin ƙararrawa," in ji shi, ya miƙo mini abina.

Na je na roƙa. Manajar, wata mata mai sanyin murya da ba ta taɓa ɗaga kai daga kwamfuta, ta ba ni takarda na cike. Ta ce sai an aika babban ofis, sai an turo mai dubawa, sai an amince. Na ce yaushe? Ta ce ana kan yi. Na san wannan amsar, na ji irinta a bencin Stratford. Na koma na mayar da silifana inda yake.

A karo na biyu manajar ce da kanta ta gani. Wannan karon ta ɗaga kai. Ta ba ni gargaɗi a rubuce, ta sa na sa hannu, sannan ta tuna mini cikin ladabi cewa gidan ne ya tsaya mini nake zaune a ƙasar. Da na koma Peckham na ba Anti Zainabu labari ina jiran ta taya ni zagi, sai ta wanke ni tas.

"Ke dai Saudatu ba ki da hankali. In suka yi sacking ɗinki, wa zai yi miki sponsor? Ni? Da tattasai? Ki tuna yaran da kika baro. Gari nasu, doka tasu. Kin zo da al'adarki, to ki ajiye ta a jaka, in kin koma gida kya ciro."

Na cire silifan. Kwana tara ƙofar tana rufe. Kwana ukun farko Mma Adiza ta yi ta kira, ana jiyo ta ta bayan katakon nan mai kauri kamar daga cikin rijiya. Daga nan ta yi shiru, shirun kuma ya fi kiran ciwo. Ta juya fuska bango. In na kawo abinci sai ta datse baki. A rana ta tara na zauna a bakin gadon ina lallashi, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Kai ma ka zama su."

Maganar nan ta shige ni. Sai na yi wa kaina fatawa, irin wadda mutum yake yi in ya riga ya yanke abin da zai aikata. Na ce awa ɗaya kawai, bayan abincin rana, lokacin da manaja take ƙasa a ofis, Mista Desmond kuma yana nasa hutun. Na ce ai ina nan a hawan da take, in wani abu ya faru taku nawa ne? Na ɗauka ni ce na'urar da aka ƙi kawowa. Haka muka yi sati uku, Mma ta dawo da gaishe-gaishenta, ni kuma ina jin kaina mai wayo.

Ranar wata Alhamis, wajen ƙarfe biyu, ina ɗakin cin abinci a ɗaya ƙarshen barandar, ina ba wani tsoho shayi. Ƙararrawa ta ɗauka. Abin da ya fara zuwa raina shi ne gwaji ake yi, sai na tuna ranar Talata ake gwaji. Na ji manyan ƙofofin baranda sun saki suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Na ajiye kofin na ruga na leƙa ta gilashin ƙofar tsakiya.

Injin busar da kaya ne ya kama a ɗakin wanki. Mai wankin, wata mata da ake turowa daga waje, ta tokare tata ƙofar da kwandon kaya saboda zafi, ta sauka ƙasa. Hayaƙi baƙi ƙirin yana fitowa yana bin rufi. Ƙofofi bakwai na wannan ɓangaren duk a rufe suke, ya wuce su bai ko tsaya ba. Ɗaya ce a buɗe, kuma ina kallo yana lanƙwasawa yana shiga.

An koya mana cewa kada mu shiga hayaƙi, mu fara kwashe waɗanda ke kusa zuwa bayan ƙofar tsakiya. Wata abokiyar aikina ta riƙe mini riga tana faɗar haka. Na fizge. Ba jarumta ba ce, kada wani ya yaba mini. Ni kaɗai na san abin da ke ƙarƙashin ƙofar can.

Taku nawa ne? Da idona a buɗe, ashirin da wani abu. A sunkuye, ina tari, ina lalube bango, sai na ga kamar Malumfashi zan je. Na isa na sa hannu na ja silifan. Ya ƙi fita, nauyin ƙofar ya danne shi. Na tura ta baya da kafaɗa, na fizgo shi, na faɗa ciki. Ita kuwa ta taho a hankali yadda ta saba, ba ta san ana sauri ba, har ta ce ƙit.

Ɗakin ya riga ya cika rabi. Mma Adiza tana tari irin wanda ba ya barin mutum ya ja numfashi. Ba zan iya ɗaga ta ni kaɗai ba, sai da inji da mutum biyu ake sauke ta daga gado. Na sauke gadon ƙasa iyakar yadda yake sauka, na tura tagar, wadda ba ta buɗuwa fiye da tafin hannu, na jiƙa tawul na shimfiɗa a gindin ƙofar, na jiƙa ɗankwalina na kare mata hanci. Daga nan babu sauran abin yi sai jira.

Na zauna a ƙasa ina riƙe da hannunta mai motsi, idona a kan ƙofar nan da na tsana. Ina jin abubuwa suna fashewa a ɗakin wanki, bango ɗaya ne tsakaninmu. Na bi gefenta da ido, sama da ƙasa, duk inda Mista Desmond yake zura kwabonsa, ina jiran in ga hayaƙi ya ɓullo. Bai ɓullo ba. Wanda yake cikin ɗakin, wanda yake shaƙe ta, duk ni na ba shi hanya.

Da tarin ya ɗan lafa mata ta ce, "An rufe kuma?"

Na ce, "An rufe, Mma. Amma ina ciki."

"To," in ji ta. "In kana ciki, ba komai."

Ban san minti nawa muka yi ba. Daga baya aka ce bai kai ashirin ba. 'Yan kwana-kwana suka kashe wutar, suka buɗe mu. Da na fito na waiwaya, fentin bayan ƙofar ya yi baƙi ya kumbura, ta ciki kuwa fari tas kamar ba abin da ya faru. Sauran tsofaffi bakwai na ɓangaren an fito da su lafiya, wata ma barcinta take ba ta san an yi ba. Mma Adiza kaɗai aka sa wa robar numfashi aka tafi da ita asibiti. Silifan yana cikin aljihun rigata, ban san lokacin da na sa shi ba.

Washegari na zama tauraruwa. Manaja ta rungume ni a gaban kowa. An sallami mai wanki, aka ce ita ta jawo komai da kwandonta. Masu bincike suka tambaye ni yadda hayaƙi ya shiga ɗaki na sha huɗu, kafin in buɗe baki wani ya ce ai lokacin da na shiga ne ya biyo ni. Aka rubuta haka. Na yi shiru, na tuna 'ya'yana, na ƙara yin shiru. Mista Desmond ne kawai bai ce mini sannu ba. Na same shi yana kwance ƙofar don a sa sabuwa, ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakin, inda hayaƙi ya yi shimfiɗa tun daga baki har taga, sannan ya dube ni. Ya ci gaba da kwance ƙusoshinsa.

Kwana goma sha biyu Mma Adiza ta yi a asibiti. Likita ya ce dama ƙirjinta ba ƙarfi, ciwon huhu ya samu wuri, a shekarunta ba a iya cewa ga abu ɗaya da ya jawo. Na riƙe maganar nan kamar igiya, amma ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da minti uku na irin hayaƙin nan yake yi wa tsohon huhu. Ta rasu ranar Talata da hantsi.

Da azahar Rahina ta kira ni. Cikin Hausarta mai ɗingishi ta ce ba ta san yadda ake wankan gawa ba, matan masallacinsu za su yi, amma tana so in kasance a ciki, don ni ce wadda uwarta take kira. Na ce to. Na hau bas zuwa masallacin nasu a gabashin gari. Tun ina yarinya na ji ana cewa amintacce ake ba wankan mamaci. Zan iya cin amanar manaja in kwana lafiya, na ma gwada na gani. Amma in sa hannu a jikin matar nan da abin da na ɓoye, wannan ya fi ƙarfina.

Na tarar da Rahina a wani ɗan lungu a bakin ɗakin wankan, an ɗaura mata gyale ya karkace. Ta taso za ta rungume ni, na ja da baya.

"Tsaya, Rahina. Akwai abin da zan faɗa miki, in kin ji sai ki ga ko har yanzu kina so in shiga."

Na faɗa mata duka. Gargaɗin da aka yi mini har sau biyu, da kwana taran, da awa ɗayan da na halatta wa kaina. Na ce ƙofar uwarta a buɗe take lokacin da wutar ta tashi, kuma ni na tokare ta. Ban ce don tausayi na yi ba, ban ga amfanin faɗa ba.

Rahina ta ce, "Green one. Takalmi kore."

Na ɗago.

"I know. Na gani." Ta share hanci da bakin gyalen. "Ranar Sunday, kina off, yana cikin drawer nata. Ni ma ina sawa. Every Sunday. In ƙofa ya buɗe, Mma yana dariya, yana magana, ni ban ji duka ba amma yana magana. Ni na san fire door ne. A office namu ni ce fire marshal, mai lura da gobara. Na sani, kuma na sa."

Na so ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ba ta ce ba laifina ba ne, ni ma ban ce mata ba nata ba ne, don duk mun san ranar Alhamis ce aka yi gobarar, ba Lahadi ba.

Abin da ya biyo baya a wurin aiki gajere ne. Na je na faɗa wa manaja, har da cewa ba mai wanki kaɗai ke da laifi ba. Aka dakatar da ni, aka yi zama a kaina, a ƙarshe aka bar ni da gargaɗi na ƙarshe saboda ni na kai kaina. Ina gidan har yanzu. In na ga an tokare ƙofa da kujera ko kwandon shara, cirewa nake yi, ba na jin roƙon kowa, sababbin ma'aikata suna ce mini mai baƙin hali. Sai dai in na cire, nakan shiga in zauna minti biyar, in da hali. Ba kullum ake samun halin ba, kuma ban gano yadda za a raba wannan gardama ba har yau.

Amma a ranar, a lungun nan, ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Wata dattijuwa ta leƙo ta ce ruwa ya yi ɗumi, ana jiranmu. Rahina ta kama hannuna.

"Ki zo," ta ce. "Ni ban san addu'a ba. Ke ki faɗa, ni in bi."

Muka shiga. An lulluɓe Mma Adiza da farin zane, ta ƙanƙance kamar yarinya. Dattijuwar ta miƙo mini buta ta ce in fara da dama. Na yi bisimilla, Rahina ta maimaita a bayana. Na ɗaga hannun nan da na riƙe a cikin hayaƙi, na zuba ruwa a hankali, na sunkuya daidai kunnenta.

Na ce, "Mma, Saudatu ce. Ki yafe mini."

Rahina ba ta san wannan ba ya cikin addu'ar ba. Sai na ji ta a bayana, da Hausarta mai ɗingishi, tana cewa, "Mma, Rahina ce. Ki yafe mini."